Kafin A Ce Furosesa Ta Ƙone

A cikin kayan da ke akwatin kwamfuta, furosesa tana daga cikin waɗanda suka fi wuyar lalacewa, amma ita aka fi saurin ɗora wa laifi. Duk wanda ya saba zama a shagunan gyara, ko a titin Beirut na Kano ko a Banex ta Abuja ko a kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ya san yadda abin yake faruwa. An sayo furosesa, an zaunar da ita a gurbinta, an ɗiga mata man sanyaya, an ɗaure fanka, an danna maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitilar gaba ta kama, monita kuwa baƙi ƙirin. Wani lokaci fankar ta yi ta gudu da ƙara, wani lokaci ta juya kaɗan ta tsaya ta sake juyawa. Mai gyara ya cire RAM ya hura ya mayar, ya sake dannawa, shiru. Sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan ta ƙone, sai dai a canza."

Mai kaya ya koma wajen wanda ya sayar masa, ransa a ɓace. Shi kuma ya karɓa ya ɗora a kan nasa madabod ɗin, sai ga tambarin kamfani ya bayyana, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Daga nan rigima ta kaure. Mai saye yana ganin an yi masa rufa-ido, mai sayarwa yana cewa mai gyaran ne bai iya aiki ba, mai gyara yana rantsuwa da idonsa ya ga ta ƙi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Furosesar lafiyarta ƙalau, bod ɗin ma haka, jituwa ce kawai babu tsakaninsu. Ni a wajena, yawancin wannan rashin jituwa hukunci ne da wasu suka zauna suka yanke a ofisoshin kamfanoni, kuma mu da muke sayen kayan hannu a kasuwar da mayar da kaya yake da wuya, mu ne muka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Akwai wani ɗan cif mai ƙafa takwas a jikin madabod, bai kai faɗin farce ba. A cikinsa BIOS yake, manhajar farko da furosesa take karantawa da zarar wuta ta shigo. Shi yake daidaita wutar da za a ba ta, shi yake loda mata 'yan gyare-gyaren da kamfani ya yi mata bayan ta bar masana'anta, shi yake tayar da RAM, sannan ya nemi inda zai fitar da hoto. Aikinsa kamar na maigadi ne da aka miƙa wa jerin sunayen waɗanda za su shiga: baƙo ya zo, ɗan gida ne, kamanninsa ma sun nuna, amma sunansa ba ya cikin takardar domin an rubuta ta tun kafin a haife shi, ƙofa kuwa ba za ta buɗu ba. Abin takaicin, tun da hoto ba ya fitowa sai furosesa ta fara aiki, bod ba shi da hanyar rubuta maka a allo cewa bai san ta ba. Duhun da matacciyar furosesa take bayarwa shi ne dai duhun da lafiyayyiya take bayarwa a kan bod ɗin da bai san ta ba. Ido ba ya raba su.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne soket ɗin Intel mai suna LGA 1151. A 2015 aka fito da shi tare da zubi na 6 na furosesoshin Core, zubi na 7 ya biyo baya a Janairun 2017 a kan soket ɗin dai. A Oktoban shekarar sai ga zubi na 8, shi ma aka ce LGA 1151. Yawan allurai ɗaya, tsagin gefe ɗaya. Ka ɗauki i5-8400 ka sa ta a bod ɗin zubi na 7, za ta zauna daram, marfi ya rufu ba tare da ka tilasta shi ba. Amma ba za ta tashi ba, kuma babu wani sabon BIOS na kamfani da zai tashe ta. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi bod mai cifset Z270 a farkon 2017, bai cika shekara ba aka toshe masa hanyar ci gaba.

Kamfanin Intel ya kawo hujjarsa: manyan furosesoshin zubi na 8 sun zo da cibiyar lissafi shida a maimakon huɗu, suna neman ƙarin wuta, don haka aka ɗauki wasu allurai da a da ba sa aikin komai aka mayar da su masu kai wuta. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Sai dai ba a jima ba wasu masu naci suka yi wa BIOS ɗin tsofaffin bod kwaskwarima, suka lulluɓe wasu wuraren taɓawa a ƙasan furosesar da ɗan salatif, zubi na 8 ya tashi a kan bod ɗin da aka ce ba zai iya ba. Ba ina ba kowa shawarar ya yi hakan ba ne, aiki ne mai haɗari da zai iya ƙona soket. Amma ko da mun karɓi hujjar wuta ɗungurungum, me ya hana a sauya wa soket ɗin suna, ko a ɗan matsar da tsagin gefe don kada furosesa ta shiga inda ba za ta yi aiki ba? Kamfanin ya iya wannan sarai, domin ya yi shi tsakanin LGA 1156 da 1155 da 1150. Barin suna ɗaya da siffa ɗaya a kan abubuwa biyu da ba sa haɗuwa rashin damuwa ne da mai saye, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Tsohon zancen nan ya dawo sabo a wajenmu. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11, in ban da wasu 'yan ƙalilan, ba ta karɓar furosesar Intel da ba ta kai zubi na 8 ba a hukumance. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, irin su Dell OptiPlex 7050 da HP EliteDesk 800 G3, 'yan zubi na 6 da na 7 ne. Mutum zai duba ya ga 1151 a nan, 1151 a can, ya yi murna ya samu hanya mai sauƙi, ya sayo i5-8500. Idan mai cibiya ne, ba ɗaya zai saya ba. Ina roƙon duk wanda wannan tunani ya faɗo masa ya riƙe kuɗinsa: ba ya yiwuwa, sai an sauya bod ɗin gaba ɗaya. Irin wannan tarko ya taɓa kama mutane a kan LGA 1155. OptiPlex 790 da 990, masu cifset Q65 da Q67, suna aiki da i5-2400 amma ba sa karɓar i5-3470, alhali wani bod ɗin mai araha, mai cifset H61, yana karɓarta da zarar an sabunta masa BIOS.

A ɓangaren AMD labarin ya fi daɗin ji, kuma ya fi tona asiri. Lokacin da Ryzen ta fito a Maris ɗin 2017 a kan soket AM4, kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da wannan soket har zuwa 2020. Alkawari ne mai kyau, amma ya zo da nasa ciwon kai. A Fabrairun 2018 aka saki Ryzen 3 2200G da Ryzen 5 2400G, mutane suka saya tare da bod ɗin da suka kwana biyu a kanti ɗauke da tsohon BIOS, aka haɗa, duhu. Kafin ka sabunta BIOS sai kwamfuta ta tashi, kafin ta tashi sai ka sabunta BIOS. Mafitar da AMD ya samo ita ce ya ba ka aron wata ƙaramar furosesa, A6-9500, a aiko maka da ita ka ɗora, ka yi sabuntawar, ka mayar masa. Da Ryzen 3000 ta zo a Yulin 2019 aka sake yin haka, wannan karon da Athlon 200GE. Kamfani da kansa yana rabon aron furosesa don a iya kunna wadda aka saya a wajensa: wannan kaɗai ya isa shaida cewa matsalar ba ta jahilcin masu gyaranmu ba ce.

Daga nan sai ɗan cif ɗin nan mai ƙafa takwas ya cika. A yawancin bod na lokacin megabayit 16 kawai yake ɗauka, jerin furosesoshin AM4 kuwa sai tsawo yake ƙarawa. Kamfanin MSI sai da ya cire zane-zane da adon shafin BIOS a wasu tsofaffin bod ɗinsa don a sami wuri, sannan ya fito da sababbi masu laƙabin MAX ɗauke da megabayit 32. A Mayun 2020 AMD ya sanar cewa zubin da ke tafe, wanda ya zama Ryzen 5000, ba zai yi aiki a kan bod masu cifset B450 da X470 ba, ya kafa hujja da ƙarancin wurin. Masu saye suka yi ca a kansa, musamman waɗanda suka sayi bod ɗin MAX saboda gobe. Ba a yi mako biyu ba kamfanin ya janye maganarsa. Bayan haka, a Maris ɗin 2022, ya buɗe ƙofar har ga A320 da B350 da X370, bod ɗin 2017 da aka daɗe ana cewa ba su da rabo. Ba a ƙara wa waɗannan bod ko waya ɗaya ba, ba a sauya musu cif ba. Abin da ba ya yiwuwa a 2020 ya yiwu a 2022. A ganina abin da ya sauya shi ne ƙorafin masu saye, da kuma zuwan zubi na 12 na Intel da ya sa AMD ya ji tsoron kada mutanensa su sulale.

Ya kamata in yi wa kamfanonin adalci. Ƙarancin wuri a cif ba ƙarya ba ne, kuma bod mai araha da aka ƙera don ƙaramar furosesa zai iya gaza ciyar da babba wuta, ya yi zafi, ya riƙa mutuwa ana tsakar aiki. Gwada kowace sabuwar furosesa a kan ɗaruruwan tsofaffin bod aiki ne mai cin kuɗi, wanda ya riga ya sayar da bod ɗin kuma ba ya samun ko sisi a kai. Buɗe ƙofar ma da tsadarsa ya zo, domin a bod da yawa sai da aka goge tsofaffin furosesoshin jerin A kafin sababbi su sami wuri, ta yadda mutum zai sabunta BIOS da tsohuwar furosesarsa, a gama, ita kanta ta daina tashi. Amma duk wannan bai wanke su daga laifin ɓoye bayani ba. Dubi B550. Sabon bod ne na 2020, an ce yana ɗaukar Ryzen 3000, sai dai a hukumance ba ya ɗaukar Ryzen 3 3200G da Ryzen 5 3400G, domin su sunansu ne kawai 3000, cikinsu na zubin baya ne. Ta ina talaka zai san wannan daga kallon kwali?

To, tun da ba mu da murya a inda ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, abin da ke hannunmu shi ne mu daina yanke wa kaya hukunci da ka. Matakin farko ba ya buƙatar sukuddireba. A karanta sunan bod da lambar zubinsa, suna nan a rubuce a jikinsa, galibi kusa da ramin katin hoto. A shiga shafin kamfanin da waya, a buɗe jerin furosesoshin da yake karɓa. A gaban kowace an rubuta BIOS mafi ƙanƙanta da take buƙata. Idan sunanta ba ya ciki, magana ta ƙare, kada a ɓata yini ana hura RAM. Idan yana ciki amma BIOS ɗin bod bai kai ba, an gano cutar. Aikin minti biyu ne, kuma ni ina ganin mai gyaran da ya ce kaya ya ƙone bai yi wannan ba, bai sauke haƙƙin kuɗin da ya karɓa ba.

Idan jerin ya nuna komai daidai, akwai wasu abubuwa da ke yawan sa a zargi furosesa a banza. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta, kamar i5-9400F ko i3-12100F, ba ta da sashen fitar da hoto a cikinta. Haka Ryzen ɗin AM4 da ba ta da G, irin su 3600 da 5600. Ka soka wayar monita a bayan bod har gobe ba za ka ga komai ba, alhali kwamfutar ta tashi tana jira. Katin hoto take buƙata. Sai wayar wuta mai baki 4 ko 8 da ke can saman kusurwa kusa da furosesa, wadda yaron shago yakan manta bayan ya soka babbar mai baki 24. Sai RAM: a bar guda ɗaya tal, a sa shi a rami na biyu daga wajen furosesa, a goge haƙoransa idan ƙurar hunturu ta kwanta a kai. A kuma tabbatar ba RAM ɗin manyan kwamfutocin saba ba ne mai rajista, wanda ake samu da araha amma bod ɗin gida ba ya aiki da shi. Sababbin bod masu DDR5 kuwa haƙuri suke so, tashinsu na farko yakan ɗauki mintuna allo yana duhu suna daidaita RAM, mai gaggawa sai ya kashe ya ce ta ƙi. A cire ɗan batir ɗin CR2032 na ɗan lokaci don bod ya manta saitin tsohuwar furosesa. A haska soket da tocila a duba shi ta gefe: a Intel alluran a jikin bod suke, allura ɗaya da ta kwanta takan yi wani ƙyalli daban da na 'yan'uwanta. A AM4 kuwa a jikin furosesa suke, kuma sukan lanƙwashe idan man sanyaya ya bushe aka fizge fanka ta taho da ita.

Bod ɗin ma yana ɗan ba da alama ga wanda ya tsaya ya duba. Da yawa suna da fitilu huɗu a jere, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Inda fitila ta tsaya, nan aiki ya cije. Dell yana magana da ƙiftawar fitilar maɓallin wuta. Ɗan ƙaramin lasifikan nan mai ƙara ɗaya da ake soka wa bod, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba, yana da amfani ƙwarai: cire RAM gaba ɗaya ka kunna, idan bod ya yi kukan neman RAM, alama ce mai ƙarfi cewa furosesa tana raye tana karanta BIOS.

Sabunta BIOS kansa shi ne inda nake so mu fi taka-tsantsan, saboda halin wutarmu. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu a cif, bod ya kwanta. Kada a fara sai a kan UPS mai batir na ƙwarai ko inbata, kuma a karanta bayanin da ke gefen fayil ɗin, domin wasu bod sai an bi tsani-tsani, a sa na tsakiya kafin na ƙarshe. Wasu suna da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS ba tare da furosesa ko RAM ba: ASUS yana kiransa USB BIOS Flashback, Gigabyte yana cewa Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. A sa fayil a filash da aka tsara da FAT32, a ba shi sunan da kamfani ya ce, a soka a ramin da aka ware, a danna, a zuba wa fitila ido har ta daina ƙiftawa. Wannan maɓalli ya kamata a ce kowane bod yana da shi, mai tsada da mai araha, domin mai sayen na arahar shi ne wanda ba shi da wata furosesa ajiye a gida. Idan kuma ɓarna ta riga ta auku, ba lallai bod ya tafi bola ba. 'Yar na'urar nan CH341A, da ɗan matsewa da ake kama ƙafafun cif da shi, takan sake rubuta BIOS daga waje, kuma akwai matasa a kasuwanninmu da suka ƙware a kanta.

'Yan'uwana masu sayarwa, akwai abin da ya rage a wuyanku. Wanda ya zo ya ce a ba shi i5 ko Ryzen 5, tambaya ɗaya za ta tsare masa kuɗinsa, ta tsare muku mutunci: "Malam, a kan wane bod za ka ɗora?" Idan bai sani ba, a ce ya ɗauko hoton bod ɗin a waya ko ya zo da shi. A rubuta sunan bod a rasit tare da na furosesa. Sayar wa mutum abin da ka san ba zai yi masa aiki ba, don kawai bai iya tambaya ba, cin amana ne ko da kayan lafiyayye ne.

Dabarar aron da AMD ya yi kuwa, mai shago a Kano ko Maraɗi ba zai zauna jiran saƙo daga ƙetare ba, amma za mu iya yin tamu. Ba sai kowane shago ya mallaki komai ba. Layi guda zai iya haɗa kuɗi ya ajiye ƙananan furosesoshi masu fitar da hoto da kansu, waɗanda yanzu ba su da wata tsada: Pentium G620 don LGA 1155, Celeron G3900 ko Pentium G4400 don 1151 na farko, A6-9500 da Athlon 200GE don AM4, Celeron G6900 don bod ɗin LGA 1700 da ake so a ɗora wa zubi na 13 ko na 14. A haɗa da fawa fak mai kyau guda ɗaya da RAM da aka tabbatar da lafiyarsa, DDR3 da DDR4, a ajiye a shagon shugaban layi. Wanda ya ara ya rubuta sunansa da lambar shagonsa a littafi, ya dawo da kaya kafin a tashi kasuwa.